Awa Biyu a Ƙarƙashin Tsohuwar Volvo

Shekara talatin da ɗaya ina shiga ƙarƙashinta a rigingine,
kamar kunkurun da yara suka birkice:
kwali a ƙasa, bulo biyu, jak mai kuka,
ƙanƙarar Oulu tana narkewa cikin wuyan rigata.
Ban taɓa ganin cikinta gaba ɗaya ba.
Faɗin tafin hannu nake gani, sauran sai lalube.

Yau Sirkka ta karɓi Yuro talatin,
ta rubuta a allon gareji: Tauno, goma zuwa sha biyu.
Ta nuna inda hannuwan ƙarfe huɗu za su tallafe ta,
ta ce, "In ka kuskure, motar za ta faɗa maka, ba ni ba."
Na danna madanni.
Motar ta miƙe sannu a hankali
kamar saniyar da ta gama tuƙa.

Sai ga ni tsaye.
Tsaye cak, da hulata a kai, ƙarƙashin motata,
gwiwa ba ta gaisa da siminti ba.
Jikata Vilja tana riƙe da fitila,
tana haska ko'ina ban da inda nake so.

Gishirin da ake barbaɗa wa titi duk hunturu
ya ci rabonsa, ya bar mini tsatsa
tana zubo mini a gira kamar garin barkono.
Salansa na zo canzawa.
Noti uku suka ba da kai bori ya hau,
na huɗu ya ce sam.
Na ba shi mai, na ba shi guduma,
na ba shi wata kalma ƙasa-ƙasa don kada yarinya ta ji.
Ta ji.

Reijo, mai jiran layi, ya ajiye kofinsa,
ya zura bututu a bakin sifanata, ya koma ya zauna.
Mutanen garinmu ba sa ɓarnar magana.
Na rataya da dukan nauyina,
notin ya yi ƙara, ya karye,
ya tafi da fatar yatsu biyu a matsayin lada.

"Kaka, wannan fa?"

Wannan karon fitilar ta sauka daidai.
Can bayan tanki, inda idona bai taɓa kaiwa ba,
wayar jan ƙarfe ce ta ɗaure bututun birki,
nadi bakwai, tsaf, an murɗa ta hagu.
Mutum ɗaya na sani mai murɗa waya ta hagu.

Veikko bahago ne.
Ya ari motar wata bazara zuwa Kuusamo,
ya dawo da ita da tanki cike, bai ce uffan ba.
Kaka na zagayowa muka ɓata
a kan kwalekwalen mahaifinmu,
wanda yanzu ya ruɓe a bakin tafki, ba nawa ba nasa.
Shekara tara ko sannu.
Ashe shekara taran nan, duk birkin da na taka,
a kwanar makarantar yarinyar nan, a kan gada, a kan santsi,
ƙullin ƙanena ne yake riƙe.

Sirkka ta ƙwanƙwasa agogon hannunta: saura minti goma.
Akwai sabon maɗauri a akwatina.
Na ɗaura shi kusa da wayar,
wayar kuma na bar ta inda na same ta.

Motar ta sauko, tayoyi suka karɓi nauyinsu.
Wajen famfo, sabulu mai yashi yana cizon ciwona,
Vilja ta miƙo wayarta, ta ɗauki hoton ƙullin.
"Wa zan tura wa?"
Na buɗe baki zan ce ba kowa,
sai lambobi suka fito da kansu, bi da bi,
ko ɗaya bai yi tsatsa ba.

A bayanmu motar Reijo ta fara tashi.