Matakala Ɗari da Sha Huɗu

Ƙugiyar ƙarfe ce, in ji abokan aikinsa,
ta kuɓuce daga sama a tashar jiragen ruwan Valparaíso
wata Talata, ana sauke kaya.
Hular kwano ta rabe biyu. Kan bai fashe ba,
na ciki ne ya girgiza
kamar ƙwai a aljihun mai gudu.

Kwana goma sha tara Eleuterio yana barci.
Da ya farka ya dube ni
irin duban da ake wa mai kawo takardar kuɗin wuta.

Gidanmu a kan tudu yake.
Matakala ɗari da sha huɗu daga titi zuwa ƙofa.
Shekara ashirin ina hawa, ban taɓa ƙirgawa ba
sai da na hau da nauyin mijina a kafaɗa.

Na manna takardu ko'ina:
gishiri, ƙofa, famfo, magani.
Na rubuta Nélida,
na tsaya da ita a hannu, na rasa inda zan manna.

Cokali ya kira kwalekwale.
Na ce cokali. Ya ce kwalekwale, ya daki tebur,
miya ta fantsama a bango.
Mutumin da ko kyanwa bai taɓa yi wa tsawa ba.
Na shige banɗaki na saki ruwa
don kada ya ji ni.

Herminia, mai koya masa magana a asibiti,
ta hana ni ƙarasa masa zance.
"Ki jira. Kalmar tana tafe,
gadar da ta saba bi ce ta karye, sai ta zagaya."
Ashe jira ya fi wanki cin baya:
ƙirga goma a zuci, harshe danne da haƙori.

Masu dubiya suka ce ai ya warke, ga shi garau.
Raunin da ba ya jini, wa zai gaskata?
Ba sa nan da la'asar,
lokacin da ƙarar rediyo ke shigar masa kai kamar ƙusa
in ja labule, mu zauna a duhu.

A wata na bakwai iskar teku ta tsinke igiyar shanya.
Kafin in sunkuya ya ɗauka.
Yatsunsa suka juya, suka cusa, suka ja,
ɗaurin ma'aikatan jirgi, wanda ba ya zamewa.
Ya tsaya yana kallon hannuwansa
kamar ya gamu da tsofaffin abokai a kasuwa.

Yau mun kai ta sittin, muka zauna.
Can ƙasa jirage suna ta shige da fice ba shi.
Ya buɗe baki. "Né..."
Ɗaya. Biyu. Uku.
Wani kare ya wuce mu. Bakwai. Takwas.
"...lida. Igiyar takalminki ta kwance."

Na miƙa masa ƙafar.
Saura hamsin da huɗu.