Kuka da Kuka

A rumfar babana a Kantin Kwari
akwai wani yaro, Kwami, ɗan Lome,
mai ɗaukar dila a ka.
Ran da ya ce yana son miyar kuka
bai sauke muryar ba, miyar ta zama ta hawaye.
Na yi dariya har da riƙe ciki,
na kira 'yan layi su zo su ji.
Shi ma ya taya mu, amma idonsa na ƙasa.
Ban ga idon nan ba a ranar.
Sai da jirgi ya kwana da ni a sama na gan shi.

Ƙasar Sin ta tarbe ni da ruwan zafi a kofi
da tsinke biyu, wai in ci shinkafa.
Ni da ake cewa bakina reza ne a Fagge
na koma jariri mai gemu
ina nuna abu da yatsa.
Na nemi sukari, aka kawo mini romo.
Na ce wa mai kanti zan saya,
ashe cewa na yi zan sayar,
don kalmar ɗaya ce a wurinsu, mai:
ka lanƙwasa ta, ka saya,
ka sake ta ta faɗi, ka sayar.
Ɗan kasuwa, jikan ɗan kasuwa,
bai san saye ba bare sayarwa!
Yara suka kwashe da dariya.
Na taya su.
Idona na ƙasa.

Wani tsoho mai taliyar hannu a bayan makaranta,
farar hula, haƙori uku,
shi ne bai taɓa dariya ba.
Sai ya goge hannu a gaban riga,
ya maimaita kalma sau uku,
hannunsa na hawa yana sauka
kamar tela yana awon yadi.
A shagonsa na sha ruwa azumi biyar.
A nan na koyi cewa shiru ma gaisuwa ce,
kuma wanda bai tambaye ka gajiya ba
ba lallai ya ƙi ka ba.

Daren da na fara mafarki da harshensu
na farka a tsorace,
na ƙirga unguwanni da ƙarfi cikin duhu:
Koki, Yakasai, Zage, Mandawari,
in ji ko suna nan.
Suna nan. Sun dai matsa, sun ba baƙo wuri.

Yanzu ga ni a Kano.
A daidaita sahu na ta ihu kamar jiya na tafi,
gurasa ta ƙara kuɗi ta rage faɗi.
Ina shan ruwan zafi a tsakiyar bazara,
Inna Kulu tana kallona tana salati.
A Kwari ni ne tafinta:
Alhaji Nasidi ya zazzaga faɗa,
mutumin kamfani ya murtuke,
ni kuwa a tsakiya ina tace magana
kamar mai tace koko,
dusar ta tsaya a hannuna.

Ran Laraba na nemi Kwami.
Yana da shagonsa a Kofar Wambai,
yara biyu a ƙarƙashinsa,
yana ciniki da karin maganar da ni ban sani ba.
Na daɗe ina juya hula kafin na ce,
ka yafe mini dariyar nan.
Ya ce, wace dariya?
Ya dube ni, na dube shi,
duk mun san wacce.

Ya jawo benci da ƙafa,
ya buɗe kwanon da aka aiko daga gida.
Wanke hannu, in ji shi, tuwo ne,
miyar kuka.
Ya sauke muryar daidai inda ake sauke ta.