Hoton Ƙeyar Baba

Shekara talatin Baba Nomau na sayar da zare
a layin maɗinka, cikin babbar kasuwar Maraɗi.
Shuɗi bakwai ya sani, kowane da sunansa.
Ran nan sai ya ce da ni:
"Wa ya kawo wannan launi? Ni ban saro shi ba."
Yana duban hagu, inda babu komai sai bango.

Kore, ja, da wani ruwan ɗorawa mai ƙyalli
suna giftawa kamar fitilun kabu-kabu da dare.
Wuyansa ya bi su, idonsa ya kafe.
Da ya dawo, ruwa ya nema,
moɗa uku, bai ƙoshi ba.

Inna ta ce iska ce, ta kunna turare.
Ni na ga tururuwa na taro
inda yake tsugunnawa a bayan ɗaki,
na yi shiru, don kunya.

Ragon Inna ya tafi a kuɗin hoto.
Suka tura Baba cikin bakin na'ura
mai ƙugi kamar injin niƙan unguwar Mokoyo.

Likita Zuwaira ta kara hoton a fitila.
Kan ubana ke nan, an ɓare shi kamar goro.
Ta ɗora alƙalami can baya, wajen dama:
wani ɗan duhu,
kamar dangwalen yatsa a takardar bashi.
"Ba ƙari ba ne, jijiya ba ta fashe ba.
Sukari ne ya cika jini har ya kai nan.
Nan kuwa ɗakin gani ne."

Ashe da ƙeya ake gani!
Ashe dama ke tsaron ƙofar hagu.

Allura safe, allura yamma.
Shayi lami, yana sha yana tsaki.
Launukan suka kwashe kayansu cikin kwana biyar.
Bayan wata uku muka koma,
duhun ya goge, kamar an biya bashin.

Jiya kaya suka iso daga Kano.
Na same shi ya baje zare a tabarma,
yana kara kowane ƙulli ga hasken rana.
Na ce, me ya ɓata?
Ya ce, "Ruwan ɗorawan nan da na gani.
Har yau babu wanda ya rina irinsa."