Takarda Ta Ƙarshe

Ƙarfe biyu da rabi na dare.
An ɗauke wuta, injin baya na tari kamar tsohon mashayi.
Ni kaɗai ne likita a ɗakin gaggawa,
shayina ya huce a kan fayil,
idona ya yi nauyin dutsen niƙa.

Sai ga Alhaji Barau daga Nasarawa,
turarensa ya riga shi shigowa,
shadda na amo, yara biyu na riƙe da wayoyinsa.
Ya dafe ƙirji da hannu mai zobe:
"Likita, nan ne, kamar an aza mini buhu."
Kafin ya rufe baki na miƙe.
Shekara sittin, ga tumbi, ga hawan jini,
ko littafi haka ya zana shi.
Na manna masa wayoyi, na ja takarda,
layin zuciyarsa ya miƙe lafiya lau
kamar titin Zariya kafin asuba.
Ashe balangu ne da yaji,
ya ci ya kwanta a kai.

A benci kuwa, tun bayan isha'i,
wata mata na zaune, ba ta kira kowa ba.
Tasalla, daga Kurna, mai tuyar awara,
mayafinta duk ƙaurin mai da hayaƙi.
Daga tsaye na tambaye ta, biro a hannu.
Ta ce, "Ba wani abu ba ne, ɗan nan.
Ƙwannafi ne ya tokare ni,
zuciyata na tashi, kafaɗa ta gaji,
muƙamuƙi ya riƙe,
sai gumi kamar ina bakin kasko."
Har haƙuri ta ba ni don ta dame ni.

Arba'in da huɗu. Mace. Siririya.
Na rubuta olsa tun ba ta dire magana ba.
Na ce a raina, ko tunani ne, ko rashin cin abinci,
irin su nawa na gani tun safe?

Sista Kande, mai shekara talatin a wannan ɗaki,
ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, "Likita, dubi leɓenta.
Mai shadda ka ba shi inji,
mai zane ka ba ta biro?"
Na ce takardar injin saura ɗaya.
Ta ce, "To wa kake ajiye wa?"

Muka kwantar da ita.
Allura ta fara tafiya,
layi ya tashi ya yi Dala,
ya ƙi saukowa.
Hannuna ya yi sanyi.
Awa nawa wannan zuciya na kira
da harshen da na ƙi koya?

Abin sauraron da ke wuyana bai san shadda ba,
bai san Kurna ba, bai san barci ba.
Kunnen da ke bayansa ne ya san su duka.

Mun yi gudu. Ƙwaya ƙarƙashin harshe,
ruwa a jijiya, waya zuwa ga babban likita
da ya ɗaga a kira na huɗu.

Da ladan ya yi kiran farko
ta buɗe ido, ta lalubi hannun Sista,
ta ce a gaya wa Ladidi
ta tace waken da ta jiƙa, kada ya yi tsami.

Na koma kan tebur.
Kalmar olsa na nan da rubutuna.
Na ja mata layi ɗaya, siriri,
yadda gobe zan iya karanta ta.