Babban Yatsa

Shekara sha tara ina tuyar ƙosai a Aboabo,
sidi kan sidi, ƙarƙashin katifa.
Dillali Gariba ya ce, "Lantana, gida ya faɗo, biya yau!"
Lauya Tiwaa ta ce, "Tsaya. Mu leƙa ofishin filaye."

Mako shida fayil na barci.
Da ya farka, sai ga magada uku:
biyu sun yarda,
na ukun na Tamale, ba ya ɗaga waya.

Na aika masa kuɗin mota.
Ya zo, ya dafa bangon ubansa, ya daɗe shiru.

Safiyo ya auna, shaidu suka zauna.
Ni ban iya biro ba.
Na dangwala yatsan da mai ya ƙona,
tawada ta ƙi kama tabon,
sai da na sake.