Ƙulli na Sha Biyu

Ranar farko a Hull ba su nuna mini teku ba.
Guduma suka miƙo mini,
suka ce ga tsatsa, bismilla.
Na kankari ƙarfe tun asuba
har kunnuwana suka koyi kuka su kaɗai.

Tsoho Garside, uban aikin doron jirgi,
bai taɓa faɗar sunana daidai ba.
Tanimu ya koma Tani, wata rana ma “kai, yaro”.
Sau goma sha ɗaya ya kwance ƙullina,
ya jefo igiyar ko kallo babu.
A na sha biyu ya ja, ya ƙara ja,
ya yi shiru, ya wuce.
Shirun nan ne takardar shaidata ta fari.

Albashi kuwa, gishirin miyar marowaci.

Wani dare a bakin Humber, ruwa na dukan fuska,
igiyar ɗaure jirgi ta yi ƙara irin ta ƙashi.
Hannu ya fizgo ƙeyar rigata.
Ta tsinke, ta share inda nake tsaye.
Bai ce sannu ba.
Ya ce, “Kada ka kuma tsayawa a lanƙwasar igiya.”
Ya miƙo ragowar shayinsa,
ya huce, sukari ya yi yawa.

Yau Bethan ta kawo mini ƙullinta.
Na kwance.
Hannuna ya ɗaga zai jefa,
hannun tsohon ne, na gane shi.
Na sauke.
Na tsuguna kusa da ita a jiƙaƙƙen ƙarfe,
na kira sunanta daidai.