Gwiwoyin Khamla

A Phonsavan, can ƙasar Laos,
kakan Khamla na ɓoye lambar girma a gwangwanin shayi.
Ya ce ranar da aka maƙala masa ita
an buga ganguna har karnuka suka gudu.
Yanzu ba ya buɗewa sai jikoki sun matsa.

Khamla ba ta da lamba.
Shuɗiyar hula gare ta, da sanda mai kukan sauro,
da gwiwoyi biyu da suka yi kanta.
Tun asuba take rarrafe a gonar shinkafar tsoho Somphet,
taki ɗaya, ta tsaya, ta kasa kunne.
Abin da jirage suka shuka tun ba a haife ta ba
yana nan kwance, ɗan ƙanƙane kamar lemo,
mai haƙuri,
bai ji an yi sulhu ba.

Jiya ta tono na ɗari uku da sha bakwai.
Hannunta ya kama rawa. Ta bar shi ya gama,
sannan ta ci gaba.

Babu mai yi mata kirari.
Wa ke ƙirga ƙafar da ba ta guntule ba?
Wa ke rubuta sunan yaron da ya kora bauna kiwo
ya dawo da yamma yana kukan yunwa?

Daren nan ta tarar da gwangwanin bisa tabarmarta.
Kaka na zuƙar taba, ko kallonta bai yi ba.
Ta mayar masa. "Ajiye tukuna, da sauran rabin gona."
Sai ta tambayi inda aka sa man zafi.